Ni Na Yanke Gilashin, Ba Malam Hashimu Ba

Shekara huɗu da wata biyar ke nan rabona da Gusau. Yau da safe ina tsaye a bakin get ɗin da nake gadi a nan Fatakwal, ƙanina Bello ya kira ni ya ce Malam Hashimu bakanike ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har an kai shi, ni kuwa ina nan ina buɗe wa motocin mutane ƙofa.

Duk mai babur da ke bin hanyar Damba ya san rumfarsa. Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun yana raye, na yi shiru. Yau zan faɗe ta, wanda zai zage ni ya zage ni.

A lokacin maganin dabbobi nake sayarwa, ina bin kasuwanni, yau Tsafe, gobe Bungudu, jibi Magami. Na sayi babur na hannu mai dogon gilashi a gaba, irin na robar nan. Da farko yanga nake yi da shi. Damina na sauka na gane kurena. Bakin gilashin daidai idona yake, ruwa ya kwanta a kansa, ba na ganin rami sai na faɗa ciki. In na leƙa ta sama wuya ya ƙage, in na duƙa baya ya amsa. Ga iska tana kaɗa mini kai kamar ana marina hagu da dama.

Na kai wa Malam Hashimu na ce ya rage mini tsawonsa.

Shi ba ya aiki kamar sauran mutane. Ya sa na hau babur ɗin, ya ce in zauna yadda nake zama in na gaji, ba yadda nake zama in ana kallona ba. Ya auna, ya manna salatif, ya ja layi, ya sa zarto ya cire faɗin yatsa ɗaya tak. Sannan ya ce, "Tai Kwatarkwashi ka dawo, ka gaya min inda iska ke bugunka."

Na je na dawo. Ya ƙara cire yatsa ɗaya, ya ce gobe ma in sake zuwa.

Na ce, "Malam, gilashi za ka rage mini ko makaranta ka sa ni?"

Ya ce, "Lawali, abin da na yanke ba ni iya maida shi. Kai ko kullum kana iya dawowa."

Rana ta uku haƙurina ya ƙare, ga shi washegari zan yi sammakon kasuwar Tsafe. Aka kira azahar ya tafi masallaci, na ce zan biyo shi. Yana ba da baya na ɗauki zartonsa na datse faɗin tafin hannu a yanka ɗaya. Ya fito a karkace, har da tsaga a gefe.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ɗauko samfefa ya zauna yana goge bakin, ya ce, "Bari in kashe kaifin, kada ka faɗi ya yanke ka."

Washegari a hanyar Tsafe na sha wuyar da ban taɓa sha ba. Iska ta koma cikin idona kai tsaye, da ƙwari da yayyafi. Na isa kasuwa ido jawur, hawaye na zuba. Abokan sana'a suka kewaye babur ɗin suna dariya, wani ya ce, "Wa ya yi ma mashin wanga aski haka?"

Na ce Malam Hashimu ne.

Haka kawai, don kada a yi mini dariya.

Maganar ta riga ni isa Gusau. Da kunnena na ji wani yana ce masa, "Malam, gyara na kawo, ba aski ba, a yi a hankali." Na san mutum biyu da suka ɗauke aikinsu suka kai wani wuri saboda maganata. Bai taɓa cewa ba shi ba ne.

Ba zan yi muku ƙarya don ya mutu ba. Malam Hashimu yana da nawa, yana da taurin kai, aikin awa ɗaya sai ya kai shi kwana uku. Kuma har yanzu ina jin haushinsa. Da ya tona ni a gaban jama'a, da na sha kunyata rana ɗaya an wuce wurin. Sai ya yi shiru ya bar ni da abin.

Bayan duk wannan, ranar da babur ɗin ya mutu mini a kusa da Bungudu, shi ya zo cikin ruwan sama da jakar sifanarsa. Ni kuma ko a nan ban buɗe baki ba.

Da hanya ta lalace, kasuwanni suka mutu, na sayar da babur na yi shirin tahowa kudu. Na je yi masa sallama da niyyar in nemi gafara. Na tarar da rumfar cike da mutane, sai na tsaya a sallama kawai. Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya ciro guntun gilashin nan da na datse, ya naɗe a takarda yadda ba wanda zai gane, ya miƙa mini.

Ya ce, "Riƙe kayanka. In ka dawo mu yi maganar."

Na ce da Sallah ina nan tafe.

Sallah nawa aka yi tun daga nan? Kullum da dalili. Yau ba a ba da hutu ba, gobe hanya ba kyau. Sau ɗaya ya turo mini saƙon murya yana tambayar lafiyata da aiki. Na ce a raina wannan ba maganar waya ba ce, dole sai na je na durƙusa gabansa, a gaban waɗanda suka ji ƙaryar. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

Ya ce kullum ina iya dawowa. A nan kaɗai na taɓa ganin awonsa ya kuskure.

To ga shi na faɗa. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Tsafe ranar nan ya yi dariya, ya sani ni na yanke gilashin. Don Allah ku tura wannan har ya kai ga waɗanda suka ɗauke aikinsu. Bello, in ka je ta'aziyya ka karanta wa Inna Hajara, mai ɗakinsa, kada ka tsallake komai. Ka ce mata ina roƙon ta da 'ya'yanta su yafe mini. In sun ƙi, ba su yi laifi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Hashimu, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.

Masu tambaya me na tara a kudu, ɗazu na zazzage jakata. Kaya kala uku, tabarma ɗaya, saƙon muryarsa guda ɗaya da ban amsa ba, sai guntun gilashi mai faɗin tafin hannu, yankakke a karkace.