Ƙoren Kaka a Parkchester

Ranar wata Asabar ce cikin watan Oktoba, shekarar da na shiga aji huɗu, na'urar hayaƙi ta gidanmu ta ɓarke da ƙara. A hawa na bakwai muke a unguwar Parkchester da ke yankin Bronx, can ƙasar waje. Na fito a guje na tarar da Kaka, mahaifiyar babana, tsaye a kicin, ta ɗora wuƙar yanka albasa a kan wutar gas har bakinta ya yi ja, ga ƙwaryar damun furar Mama a kife tana hayaƙi. Mama ta hau kujera tana yi wa na'urar fifita da murfin tukunya, ƙanena Sadiƙu yana tsala kuka, maƙwabci yana bubbuga ƙofa. Kaka ko a jikinta. Ta ɗauko wuƙar ta sake jan layi a bayan ƙwaryar, ta ce, "Ku rufe wa abin nan baki, ban gama ba."

Ni na jawo. A makon nan malamar zane ta nuna mana hotunan aikin 'yan asalin ƙasar Ostareliya, zane ne na ɗige-ɗige da da'ira. Ta ce a garuruwansu suna da gidajen zane da su da kansu suke tafiyarwa, tsofaffi suna zana mashayar ruwa da hanyoyin kakanni, matasa suna zaune a gefensu suna koyo. Sai ta ce kowa ya zano irin na mutanensu. Ni a Bronx aka haife ni, ban san muna da wani zane ba, don haka na kwaikwayi ɗige-ɗigen. Kaka ta gani ta tambaya, Mama ta fassara mata bayanina. Ta daɗe tana juya takardar, sannan ta ce, "Sun kyauta, sun zana ƙasarsu. Ke kuma ina taki?" Washegari ta sauko da ƙwaryar daga kan firij.

Haihuwar Sadiƙu ce ta kawo Kaka daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Da aka yi arba'in sai aikinta ya ƙare. Ba dawa da za ta sussuka, ba akuya da za ta ba dusa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Wuni take a bakin taga da carbi tana kallon masu wucewa. Ni da ita kuma ba ma wata hira, tana yi mini Hausa ina mayar mata da Turanci, kowa ya gaji ya yi shiru. Ta riga ta ce wa Baba ya yankar mata tikiti kafin sanyi ya kama, shi kuma ya amsa, ko da yake ransa bai so ba.

Bayan abin da ya faru a kicin, mai kula da ginin ya gargaɗe mu, kada a sake. Sai Baba ya kai maganar gaban ƙungiyar iyaye, waɗanda suke da wani ɗaki a ƙarƙashin bene kusa da titin Concourse inda muke Islamiyya ranar Asabar. Ya roƙi a bar Kaka ta riƙa zanen ƙwarya a can tana koya wa yara. An yi gardama. Wasu suna tsoron gobara, wasu sun ce za a cinye lokacin karatu. A ƙarshe aka tsayar da bayan azahar, a ƙofar baya inda iska ke shiga, kuma mata ne za su riƙe komai, daga makulli har abin da za a koyar.

Haka Asabar ɗinmu ta sauya. Da safe mu hau jirgin ƙasa mai lamba shida, mu sauya wani, ina rungume da jakar wuƙaƙe naɗe cikin tsohon zane. Idan aka tashi karatu mu naɗe tabarmi, mu yi shara, mu jiƙa ƙore a baho, mu kankare cikinsu da cokali har hannu ya yi tsami. A akwatin matafiya ƙoren suke zuwa, cushe da tufafi, duk da haka wasu sai sun tsage, Kaka ta huda su da basilla ta ɗinke. Kafin wuƙa ta yi zafi mukan yi 'yar carafke da murafen kwalba, maza suna langa a lungu. Hajiya Zeinabu 'yar Maradi ta zo da saƙar faifai, Hajiya Memuna ta zangon Kumasi ta zo da duwatsun wuya da kuma waake, wato shinkafa da wake irin tasu, a babbar kula. Kullum sai sun yi musu a kan suna. Abin da Kaka take kira sawun kaza, Hajiya Zeinabu ta rantse haƙoran zarto ne. Ba a taɓa sasantawa ba, muka haddace duka biyun.

Kaka tana da ƙa'ida guda. "Ba na ba da wuƙa sai kin faɗi sunan zanen da bakinki." Ashe zanenta ba ado kawai ba ne. Layin da ya karkace rafin bayan gari ne, da'irar tsakiya rijiya ce, ɗigo ukun nan kukoki ne da ake hutawa a ƙarƙashinsu a hanyar kasuwa. Makonni ina kankara ina kallon wasu suna zana, don kunyar Hausata nake ji. Ran nan dai na tsaya gabanta, na nuna da yatsa, na ce, "Wannan rafi ce, wannan rijiya ne." Matan suka kwashe da dariya har Hajiya Memuna tana share hawaye. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta gyara mini, ta sa na maimaita, ta miƙo wuƙar ta wajen ƙota. Na danna da ƙarfi har na huda ƙwaryar. Ta ɗaga ta sama ta leƙa ta hudar, ta ce ba komai, a ƙara huji a riƙa tsane shinkafa da ita.

A daren sanyi na farko Baba ya tuna mata da maganar tikiti. Tana ɗinkin wani ƙoƙo, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Bari yaran nan su iya riƙe wuƙa tukuna." Shekara uku ta ƙara tare da mu. A cikinsu na ji labarin ƙauyenmu kaf, wa ya haƙa rijiya, wace shekara rafi ya ci gonar kakanmu, kuma na fara mayar mata da amsa cikin harshenta. Da ta koma gida ba ta fi shekara biyu ba Allah ya yi mata rasuwa.

Ɗakin yana nan, mata ne suke riƙe da shi har yau. Ni ma ina zuwa idan ba ni da aikin asibiti. Yanzu da alƙalamin lantarki yara suke ƙona zane, ba hayaƙi sosai, kuma wasu jirgin ƙasa da gada suke zanawa. Na so in hana, Hajiya Memuna, wadda yanzu sai da sanda, ta ce in bar su, abin da suka buɗe ido suka gani ke nan. Akwai dai wani zane da Kaka take yi a gindin kowace ƙwarya, layi biyu da suka harɗe suka rabu. Hannuna ya iya shi, amma ban taɓa tambayarta sunansa ba, ina ganin akwai lokaci. Na buga waya ƙauye, aka ce tsofaffin da suka sani sun tafi, yanzu roba da silba ake yayi. Haka nake koya wa yara shi, ba suna.