Ranar da sabuwar mota ta ƙi ba da aron batir

Har gobe in na tuna Litinin ɗin nan sai dariya ta ƙwace min. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, ina riwaya a garejin wata ma'aikata a Dutse, wato ni ke gyaran wayoyin wutar motoci.

Ku yaran yanzu ba ku san al'adarmu ba. Batir ɗaya mai rai shi ke tayar da gareji kaf. A tayar da mota, a zare batirin tana kan aiki, a ruga da shi ga ta gaba. Tsofaffin motocinmu ko a jikinsu.

Sai aka kawo wa Darakta mota sabuwa fil, aka damƙa wa Malam Sale, direban da ya kusa ritaya. Ran nan ya bar ta a kunne ya zaga bayi. Direbobi suka leƙa suka ga batir sabo dal, kai, kamar an ajiye wa yunwa tuwo! Baba Iliya, shugabansu, ya zare shi aka shiga rabo.

Mota ta yi tari ɗaya ta mutu. Aka mayar da batir, shiru. Na bi wayoyi har gumi ya jiƙa ni, muka tura ta har bakin titi muna haki, ko uffan.

Injiniya ya zo daga Kano ya nuna wani ɗan akwati. "Wannan ce ƙwaƙwalwarta. In wuta ta yanke mata haka, kulle kanta take yi. Ba a gyarawa, sai sabuwa daga Legas." Da ya faɗi kuɗin, Baba Iliya ya sulale da hannunsa cikin riga, don lokacin hirar gari duk ta yanke hannu ce.

Darakta ya fito a fusace. "Sale, amana na ba ka. Yau za ka bar aiki." Malam Sale ya durƙusa. Wallahi na ji tausayinsa, ga fansho a bakin ƙofa.

Darakta ya juyo kan direbobi. "Wace mota ma aka tayar da batirin?"

Baba Iliya ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ta farko a layi ita ce tsohuwar motar gidanka. Hajiya ce ta sa aka turo ta daga Limawa, ta ce a ɗan sam mata wuta kamar kullum."

Darakta ya dubi motar matarsa tana ta rugugi abinta a gindin darbejiya, ya dubi tasa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Da ya fashe da dariya, mu ma muka zube, har injiniyan.

"Tashi, Sale. Motar ce marowaciya."

Abin da na koya ke nan: motar zamani ba ta san maƙwabtaka ba, sai ka tambaya kafin ka taɓa ta. Malam Sale kuwa ya ci fanshonsa, amma har ya bar aiki, ko bayi zai shiga sai ya kashe mota ya tafi da makullin.