Awakin Kiwon Yaya Tabawa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Yaya Tabawa makwancinta a Roni. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, zaman unguwa da tuyar ƙuli-ƙuli suka haɗa mu. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ban ji kunyar hakan ba. Baki Allah Ya ba ni, na faɗa aka rubuta, na sa aka karanta mini don kada a ƙara mini gishirin da ban zuba ba.

Wajen shekarun da aka karɓi mulkin kai, yaran garinmu suka fara cin jarrabawar zuwa makarantun kwana. Hukuma ta ɗauke karatu da abinci, amma akwati fa? Bargo, takalmi, kuɗin mota? A kan waɗannan yaro mai ƙwaƙwalwa zai ƙare a gona. Tabawa ta tara mu, matan da ke matsar man gyaɗa, ta ce kowace ranar kasuwa kowa ta zuba ludayi guda a tulunta. In tulu ya cika a sayar, a sayi 'yar akuya.

Akuyar nan Tabawa za ta ja har gidan da ta ga yaro mai ƙoƙari da uwa mai ƙaramin ƙarfi. Ta yi sallama, ta yi ta ƙorafin cewa gidanta ya matse, a taimaka a riƙe mata kiwo, in ta haihu a raba. To wa zai ƙi taimakon maƙwabciya? Sai dai rabon ba ya zuwa. In an aika ta zo ta ɗauki nata, sai ta ce ƙafa ke damunta. In tafiyar yaro ta matso, ta bi ta gidan ta ce da uwar a sayar da 'yan bunsuran nan, sun cika ɓarna, lissafi sai wani jiƙon. Maigida ya ɗauka dabarar matarsa ce, yaro ya tafi yana alfahari da uwarsa. Mu kuwa ta sa muka yi alkawari ba za mu taɓa faɗin gidan da akuya ta shiga ba.

Bayan rasuwarta fari ya zo ya cinye dabbobi, gyaɗa ta lalace, tulu ya bushe. Sai kuma ga arzikin man fetur ya shigo ƙasa. 'Ya'yanmu masu albashi a Kano da Kazaure suka kafa ƙungiyar taimakon ɗalibai, kuma tsakani da Allah abin da suke bayarwa a shekara guda ya fi abin da ludayinmu ya tara duk zamaninsa. Ba na raina musu. Amma ana yinsa ne a fili, da rumfa da lasifika. A kira uba da sunansa, ya miƙe gaban surukansa, a ce ga wane da ya kasa, sannan a miƙa masa ambulan a ɗauki hoto. Nakan ce da Tabawa na nan, da ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abin da ya hana ni sukuni bana shi ne Sa'idu, ɗan Malam Ilu mai gyaran keke. Yaron ya ci jarrabawar sakandare, uwarsa ta rasu, uban kuma ciwon ido ya rage masa aiki. Ƙungiya ta yarda za ta taimaka, in Malam Ilu ya zo taro. Ya ce ba za shi ba. Na same shi a rumfarsa na yi lallashi har na gaji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ban taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. In na tsaya a filin nan, da wane ido yaron zai dube ni?" Yanzu Sa'idu ya fara bin wata babbar mota zuwa Kano yana ɗaure kaya, kuma na ga alamar 'yan kuɗin sun fara yi masa daɗi.

Na ɗauki sandata na je wurin shugaban ƙungiyar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya yi mini bayani cewa dukiyar jama'a ce, in aka bayar a ɓoye gobe a ce sun ci. Wannan gaskiya ce, na yarda. Sai ya ƙara da cewa, "Inna, talauci ai ba abin kunya ba ne. Ni da kike gani, da 'yan awakinta mahaifiyata ta kai ni makaranta, babu wanda ya taimake ta."

Ni na riƙe wa Tabawa igiyar akuyar ranar da muka kai ta gidansu. Na dube shi, na shanye ruwana, na yi masa sallama.

Tun ranar nake juya abin a raina. Tabawa ta rufa wa mutane asiri, rufin da har waɗanda ta rufa ba su san an rufa su ba. Ta bar malamai da ma'aikata a garin nan, amma hanyar da ta bi da su ta tafi da ita, don babu wanda ya gani balle ya koya. Cikin matan tulu ni kaɗai na rage. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aljanna ce makomarta, amma ta bar mini kaya mai nauyi.

An kusa komawa makaranta. Ban ambaci sunan shugaban a nan ba, alkawari na nan a wuyana. Amma Yaya Tabawa, ki yafe mini tun yanzu. In na ga ranar tafiya ta zo Sa'idu na kan kayan mota, zan koma ofishin nan, in sa a rufe ƙofa, in kira mutumin da sunan da uwarsa take kiransa, in gaya masa ko akuyar wa ce.