Ranar da faston Goggo Rahila ya kira ni a Madina

Ina kantin maganin da nake aiki a unguwar Ƙuba ta Madina, zamanin da salula ba ta yawaita ba, abokin aikina ya miƙo min kan waya, wai wani fasto ne daga Najeriya. Na gyara murya, na tattaro ilimin jami'a, na shirya muhawara.

Ashe faston cocin Goggo Rahila ne, ƙanwar babana da ta rene ni. Tun zuwana Madina nake cewa gobe zan kira ta.

Ya ce, "Hajiya, ina zuwa duba ta. Ciwon ƙafar da take fama da shi da sauƙi. Abin da ke cin ta shi ne, wai tunda kika zauna garin Manzo kin daina ɗaukar ta uwa, don ita Kirista ce."

Sai ya ƙara da cewa:

"Na ce mata addininki bai koya miki haka ba. Don Allah kada ki mai da ni maƙaryaci. Ga ta nan kusa da ni, in ba ta?"

Na ce ya ba ta.

Ranar nan fasto ne ya kare min addinina, ni kuwa ina garin Manzo. Ku fa, wa ya taɓa rufa muku asiri irin haka?