Sha-gargadar Yaya Laminu

Duk mai son rubuta tarihin ƙasar nan na gaskiya, ya bar ɗakunan ajiyar takardu na Yamai, ya zo ya duba ƙashin bayan mutumin da ya yi shekaru yana hawan babur tsakanin Tasawa da Urafane. A nan aka rubuta kome: farin da aka yi, alkawuran da aka ɗauka, da kowace gwamnati da ta zo ta auna hanyar ta koma. Yayana Laminu yana da irin wannan ƙashin baya. Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka sa shi a ƙasa, kuma har yau ban huce ba.

Na san an fi son irin wannan rubutu da sanyin murya: a ce marigayi mai haƙuri ne, a yi masa addu'a, a rufe. Addu'a ina yi masa kullum, Allah ya jiƙansa. Haƙuri kuwa ba shi da shi, kuma ba zan laƙa masa abin da bai mallaka ba. Malamin dabbobi ne na sarbis ɗin kiwo, wato ma'aikatar kiwo ta gwamnati, mai faɗa, mai saurin dariya, wanda ya san shanun rugage da sunayensu amma yakan manta ranar sunan 'ya'yan ƙannensa. Shekarar da ya rasu, damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sojoji kuma sun karɓi mulki a Yamai. Shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. Shi kuwa kullum yana bisa hanya, buhun dusa biyu a bayan babur, akwatin sanyi na allurar rigakafi ɗaure a samansu.

Wannan kaya shi ya kashe amortisar babur ɗin, wato ƙarfen nan mai sifirin da mai a cikinsa, wanda ke tsakanin ƙafar baya da sirdi. Man ya tsiyaye, babur ya riƙa dukan ƙasa da gindi a kowane rami. Maganin abin sananne ne: a canja ta. Sai ranar kasuwar Tasawa wani ɗan kasuwa ya baje wasu 'yan ƙarafa masu walƙiya, tsawon taƙi guda, ana ɗaura su biyu, dama da hagu, a gefen amortisa. A jikinsu akwai jan rubutu cikin harshen da babu wanda ya iya karantawa, har ni da na ƙare rayuwata ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ana ce mini Mushe. Shi mai kayan ya ce iskar gas ce a ciki, irin ta jirgin sama. Mutane suka raɗa musu suna sha-gargada.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka gwada su. Mai kayan ya ɗaura su a wani babur da ke tsaye, ya kira mafi ƙibar 'yan dako na kasuwar hatsi, ya ce ya hau. Ya hau, babur bai lotsa ba. Aka ƙara masa buhun wake, bai lotsa ba. Kasuwa ta ɗauki sowa. Haka kakanninmu ke gwada jaki: a danna masa baya da tafin hannu, in bai lanƙwasa ba, to mai ƙarfi ne, a saya. Mun ɗauki hikimar sayen jaki mun kai ta kan abin da ke gudu ya ninka jaki sau goma. Jaki yana da gwiwa huɗu da hankalin kansa. Babur ba shi da gwiwa sai amortisa, kuma aikinta ke nan ta lotsa. Sifirin ya karɓi bugun hanya, man ya lallashe shi kada ya yi ta tsalle, taya ta zauna a ƙasa. In ka hana ta lotsawa, bugun bai tafi ko'ina ba. Tayar ce za ta riƙa tashi.

Da Yaya ya sayo su, na faɗa masa haka a zaure, da alli a hannuna har da zane a ƙasa. Ya dube ni ya yi dariya.

"Mushe, wagga ba dikte ta ɗalibanka ba ce da za ka sa mata jan bik na gyara."

"Yaya, man da ya tsiyaye fa? Ya koma?"

"Kai da keke ma ke kada kai! Tsaya ga allonka, ka bar mini hanya."

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa wa makiyaya rigakafi ya fi magani, wanda in ya kama mai sayar da jabun maganin shanu a kasuwa sai an janye shi daga wuyansa, shi ne ya sayi laya ya rataya wa babur. Ilimi ba ya bin mutum ko'ina. Akwai ƙofar da yakan tsaya a waje.

Bai yi wata biyu da su ba. Da hantsi ne, a wata 'yar kwana bayan busasshen rafin da muke ce wa kori, inda jan burjin laterit ya yi gargada kamar haƙarƙarin saniyar fari. Wani makiyayi mai suna Buba yana kusa, shi ya ba mu labari. Ya ce ƙafar baya ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, daga nan ta daina taɓa ƙasa, babur ya juya gindi gaba. Buhunan suka fashe. Kafin Buba ya iso gare shi, shanu sun riga shi, suna lasar dusa a kewayen Yaya. Ya ce bai iya korarsu ba. Ni ma ban ga laifinsu ba. Don su aka ɗauko ta.

A zaman makoki na ta da zancen ƙarafan nan. Wani kawunmu ya ce in yi shiru, kwana ne ya ƙare. Na yarda, kuma har gobe na yarda: babu mai wuce ranarsa. Amma kawun nan da kansa ba ya kwanciya sai ya ɗaure akuyarsa, bai taɓa sakinta ya ce kwananta ne zai tsare ta daga kura ba. Mun mai da ƙaddara bargo, muna rufe duk abin da muke ƙyuyar dubawa. Jandarma suka ce gudu ne. Mai kayan ya koma kasuwa da mako ya zagayo, a inuwar da ya saba.

Zan yi adalci, ko da raina bai so. Ba ni da hujjar da zan kai gaban alƙali cewa sha-gargada ce ta kashe shi. Akwai kaya fiye da ƙima, akwai matacciyar amortisa, akwai hanyar da ta ga shugabanni masu kaki da masu babbar riga ba ta ga gudron, wato kwalta, ba. An ce a wasu ƙasashe, a baburan tsere, akwai na'urori masu kama da wannan da gwanaye ke aunawa su daidaita da nauyin mahayi. Ban gani ba, ba zan musa ba. Amma a kan baburanmu na zuwa kasuwa da asibiti, shekara goma sha biyar ina tambayar makanikai da 'yan kabu-kabu, amsa uku nake samu. A gudron, ba ka jin bambanci. A gargada, ƙugu ya fi ciwo kuma gindi ya fi rawa. A tsaye da kaya kuwa, babur ya fi kyan gani. Amfaninta ɗaya ke nan, kuma babur ba don tsayuwa aka ƙera shi ba. Mafi muni, tana sa mutum ya manta da amortisar da ke neman canji. An bar jaki ana dukan taiki.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Sojoji sun sake dawowa, damina tana zuwa yadda ta ga dama, hanyar Urafane na nan da haƙarƙarinta. Sha-gargada kuma ta hayayyafa, yanzu a wayar hannu ake tallarta, da kiɗa. Zai ga mun riƙe ɗabi'armu: abu ya lalace a ciki, mu ɗaura masa mai walƙiya a waje, mu kira mai ƙiba ya hau, mu yi sowa. Ba zan ja misalin da nisa ba. Tsoho ne ni, ina son kwana a gidana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Nasiru, ɗansa na fari. Ya yi karatu, aiki bai samu ba, yana kabu-kabu, da mata da 'ya'ya biyu. Babur ɗin Yaya ya tafi wurin 'yan gwangwan, amma ƙarafan nan biyu ko ƙwarzane ba su yi ba. Uwarsa ta adana su a cikin kwalla, ta ba shi ranar da ya yi nasa babur. Watan jiya na gan su a jikin babur ɗinsa, a bakin tasha, an goge su suna ƙyalli. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu magana, kuma ban taɓa jin tsanar karin magana kamar ranar ba.

"Nasiru, kwance waɗannan."

"Haba Baba, su kaɗai suka rage mini nashi."

"Kai ne ka rage nashi. Kwance."

"To in na kwance, mi zan ce ma Inna?"

Muka yi sulhu a rumfar makanike: a yanka ɗaya da zarto, in akwai gas ɗin jirgin sama, in yi shiru har abada. Aka yanka na dama. Guntayen robar silifas ne a cushe a ciki, shuɗi, ɗaya har da hudar da igiyar yatsa ke shiga. Makanike ya tuntsire da dariya, ya ga fuskarmu, ya haɗiye ta. Nasiru ya daɗe yana juya robar a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Baba, ka yi gaskiya," ya sa ta aljihu.

Me ya rage na Laminu? Akwai rugagen da har yau in na ratsa ake shimfiɗa mini tabarma a kawo nono saboda shi. Akwai garkunan da suka tsira daga farin nan, jikokinsu na kiwo a arewacin Urafane. Akwai dariyarsa a bakin Nasiru, da taurin kansa, wanda ya gada cif, babu mai raba shi da shi. Na koma gida ranar ina jin na biya wa yayana wani abu, na tsamo ɗansa daga bakin hanya.

Jiya Nasiru ya wuce ƙofar gidana da fasinja da buhun gero, za su Urafane. Ƙarfen nan na hagu yana nan a ɗaure.