Tambayoyin Gwaggo a Harabar Kotu

Yayata ta yi shekara goma sha huɗu tana buga takardu a wani ɗan shago gefen kotu kafin ta shiga jami'a karatun lauya. 'Yan ajinsu Gwaggo suke ce mata, don ta girme su nesa ba kusa ba. Mace ce mai tsoro, ko ƙofa ce ta bugu sai ta dafe ƙirji.

A shekara ta uku aka koya musu dabarun bincike. Malamarsu ta ce a ajiye littafi tukuna, kowa ya je ya tambayi mutane yadda doka ke aiki a kansu, ya ƙirga, ya kawo. Gwaggo ta zaɓi jinkirin shari'a: sau nawa ake ɗage ƙara, kuma me ya sa.

Ranar farko ta zauna a bencin harabar kotu har aka tashi, takardar tambayoyi a hannunta, ba ta yi wa kowa magana ba. Kashegari wani tsohon tela ne ya fara: "'Yata, ke ma ɗage miki aka yi?" Daga nan bakinta ya buɗe. Cikin mako uku ta ji ta bakin mutum sittin da biyu, kowa da alƙawarin ba za a ji sunansa ba. Goma sha tara suka ce fayilolinsu ne suka ɓata, kuma duk a ofishi ɗaya.

Sai mai ofishin ya aika a kira ta. Ya san ta tun zamanin shago. Ya turo mata kujera, ya rufe ƙofa.

"Ƙanwata, ba wani abu ba ne. Ba ni sunayensu in nemo musu fayilolin."

Ta ce, "Yallaɓai, na yi musu alƙawari."

"Nan fa za ki dawo aiki in kin gama."

"Na sani."

Da ta fito sai da ta zauna a kan matakala. Kwana huɗu ba ta iya cin abinci, waya na ƙara za ta miƙo mini: "Duba min waye." Malamarta ta karɓi takardun da ke ɗauke da sunayen ta kulle a ofishinta, ta kuma raka ta kotun sau biyu.

Ta rubuta rahoton babu suna ko ɗaya, ta ci jarrabawa. Mutumin yana nan a kujerarsa. Yanzu ita lauya ce, kuma duk ƙarar da za ta shigar sai ta bi ta ofishinsa. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi, sannan ta yi sallama.