Hannun Hagun Sumaiya

Braimah direban bas ne a Birmingham, yana zaune a Handsworth da matarsa Alima da 'yarsu tilo, Sumaiya. Tun yana saurayi a zangon Kumasi ya koyi fiyano, da ya zo Ingila kuma sai kiɗan jaz ya shiga ransa. Duk Asabar yakan yi kiɗa tare da wasu dattawan Jamaika.

Allah ya ba shi manyan hannuwa. Yawancin mutane in sun buɗe hannu a kan fiyano, daga ƙaramin yatsa zuwa babba, a maɓalli na takwas suke tsayawa. Shi kuwa yana kama na goma ba wahala. A wannan tazarar, in ji shi, daɗin jaz yake.

Sumaiya na son kiɗan, amma ƙananan hannuwan uwarta ta ɗauko. Tana shekara sha huɗu ya sa ta a gaba a kan fiyanon gidansu.

"Buɗe hagun nan. Ƙara buɗewa."

"Baba, it hurts."

"Zai saba. Ni ma haka na yi."

Ba haka ya yi ba. Ya kuma san masu ƙananan hannu sukan raba sautukan tsakanin hagu da dama, kiɗa ya fito sumul. So yake kawai a ce irin bugunsa take yi.

Da Alima ta ce masa, "Baban Sumaiya, yarinyar nan ko kofin shayi ba ta iya riƙewa," sai ya ce shagwaɓa ce. Ita ta kai ta wajen GP, likitan unguwarsu. Aka ce jijiyar tsintsiyar hannun ta ji rauni. Ta warke bayan watanni, amma da ta zauna bugu ciwon ke dawowa, har ta haƙura.

Yanzu tana uni a Manchester, tana karatun haɗa magunguna. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, abin da ya fi cin ransa ke nan. Ranar da ya ziyarce ta, suna cin abinci a Oxford Road, ta ce, "Baba, ka turo min recording ɗin bugunka mana."

Ya ce to. A gida ya yi ta ɗauka yana gogewa, kunya ta hana shi turawa, sai da Alima ta karɓe wayar ta tura da kanta.

Amsa ta zo da yamma: "Ya yi daɗi, Baba. Amma fiyanon nan yana son tuning, sautukan sama sun sauka."

Ya je ya danna su ɗaya bayan ɗaya. Da gaskiyarta. Washegari ya kira mai gyara.